Karo na uku ke nan muna haɗa kuɗin tiransifoma a bakin teku: gishiri ne ko sakaci?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar wuta ku taimaka mana da shawara. Muna zaune ne a wata unguwa can bayan Ajah a Legas, kusa da teku sosai, in dare ya yi tsit har rurin ruwan muke ji daga ɗaki. Sana'ata ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, firiza uku gare ni, kun ga kuwa wuta ita ce jarina. Shekararmu huɗu da tarewa, tiransifomar layinmu ta mutu sau biyu, shekaranjiya ta yi na uku.

Da idona na gani. Na fito alwalar asuba, sai na ji wani sauti daga wajen falwaya kamar ana suya a cikin mai. Na ɗaga kai, ga wata shuɗiyar wuta tana rarrafe a jikin tangaran ɗin da ke saman tiransifomar, ta ɗauke ta dawo, ta ɗauke ta dawo. Kafin in gama wanke ƙafa sai ƙara, unguwa ta yi duhu. Kuma wallahi ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba a daren, raɓa ce kawai ta jiƙa motoci. Da gari ya waye na je na duba: jikinta duk tsatsa, mai yana tsiyaya ta ƙasan haƙarƙarin nan nata.

Yanzu an ce kowane gida ya sake kawo kuɗi. Wasu na cewa iskar teku ce, wasu na cewa tsohuwa aka kawo mana aka yi mata fenti. A Katsina tiransifomar ƙofar gidanmu tun ina 'yar firamare take nan. Mene ne gaskiyar lamarin?

Ɗan Agege Mai Wayarin:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar da alheri. Ni dai shekarata goma sha ina wayarin a Legas, kuma abin da na fi gani yana kashe tiransifoma lodi ne. A kawo mai 300 kVA don gida talatin, kafin shekara biyu gidaje sun ninka, kowa da na'urar sanyaya ɗaki da famfon burtsatse, ga mai walda ya laƙa a kai. Fiyus ya tsinke, maimakon a sa daidai shi sai a naɗa wayar jan ƙarfe mai kauri don kada ya ƙara tsinkewa. To me zai tsinke in ba tiransifomar ba? Ana ɗora wa teku laifin da ba nata ba.

Baban Halifa:
Wa alaikumus salam. Malam na Agege, abin da ka faɗa yana faruwa, babu musu. Amma ka koma ka karanta bayanin 'yar uwarmu da kyau. Da asuba ne, lokacin da lodi ya yi ƙasa. Babu ruwan sama sai raɓa. Kuma wutar a waje ta gan ta, a jikin tangaran, ba daga cikin tanki ba. Lodi ba ya yin wannan alamar. Wannan aikin gishiri ne, na yi shekaru ina hawa turaku kafin in ajiye aiki, na san shi kamar yunwar cikina.

Ga yadda abin yake. Igiyar ruwa in ta daki gaɓa tana watsa feshi mai laushi, iska ta kwashe shi ta shigo da shi cikin gari. Ruwan ya bushe, gishirin ya zauna a kan duk abin da ya tarar, har da tangaran ɗin da ke raba waya mai wuta da ƙarfen da ke riƙe da ita. Muddin gishirin a bushe yake, ba ya komai. Amma da raɓa ta sauka ko aka yi yayyafi, sai ya narke ya zama ruwan gishiri, shi kuwa ruwan gishiri hanya ce ga lantarki. Wuta ta fara silalowa kaɗan kaɗan ta bayan tangaran. Silalowar tana kawo zafi, zafin ya busar da wani ɗan zobe a jikinsa, sai wutar ta riƙa tsallake busasshen wurin da tartsatsi. Shi ne sautin suyar da kika ji, Hajiya, shi ne shuɗin hasken. In tartsatsin ya yi tsawo ya haɗe sama da ƙasa, shi ke nan, ƙarar da kika ji ke nan.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, mamakon ruwan sama taimako yake yi, don wanke tangaran yake tas. Raɓa da yayyafin farko bayan dogon rani su ne abin tsoro.

Maman Sadik:
Ikon Allah. Baba, wallahi kamar kana wurin. Kuma na tuna ta farkon ma a yayyafin farkon damina ta tafi. To ke nan duk wanda ke bakin teku haka zai yi ta fama?

Baban Halifa:
A'a 'yata, ko kusa. Masu ƙera kayan nan sun san da teku tun kafin a haife mu. Akwai ƙa'idar duniya mai lamba IEC 60815 da ta raba wurare gwargwadon dattin iskarsu. Abin da ake aunawa shi ne tsawon hanyar da wuta za ta bi in za ta rarrafa ta bayan tangaran, tana hawa tana sauka a kan faifan nan nasa. A tsohon lissafin da muka yi aiki da shi, wuri mai tsabtar iska milimita 16 ake ba kowane kilobolt, wuri mai tsananin gishiri kuwa milimita 31. A layin kilobolt 11 irin naku, wanda ake lissafinsa da kilobolt 12, wancan ya kama kusan santimita 19, wannan kuwa kusan 37. Kusan ninki biyu fa. In ɗan kwangila ya je kasuwa ya ɗauko wadda aka yi don cikin ƙasa saboda ta fi araha, ya dasa muku ita inda ake jin rurin teku, ai ya riga ya yanke mata kwana tun ranar da aka kunna ta.

Haka tankin ma. Na bakin teku ana so a tsoma haƙarƙarinsa cikin narkakkiyar tutiya, a bi shi da fenti hawa hawa, kusoshinsa su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa. Haƙarƙarin nan siririn ƙarfe ne, shi tsatsa ke fara hudawa. Mai ya fita, damshi ya shiga, kuma man tiransifoma in ya sha ruwa ya daina tsare wuta.

Bakano Mai Falwaya:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Ina karantawa ina tuna namu na nan. Mu ba mu da teku, amma muna da hunturu. Ƙurar hazo takan kwanta a kan tangaran wata uku huɗu, ranar da aka yi yayyafin farko sai ka ji layuka suna ta faɗuwa. Ashe ciwon ɗaya ne, mai kawo shi ne daban.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne maganar gishiri. Mu a Kano in za mu binne sandar atin, wato ƙarfen da ke zubar da wutar da ta ɓace hanya cikin ƙasa, sai mun zuba gishiri da gawayi a ramin, mu kwarara ruwa, don ƙasarmu a bushe take, ba ta karɓar wuta. Ku can fa?

Ɗan Agege Mai Wayarin:
Can bakin ruwa ba ka buƙatar ko cokali ɗaya. Ka haƙa kamu uku ka tarar da ruwa, awon atin ya fito da kyau ranar farko. Matsalar ita ce bayan shekara biyu ka tona ka ga sandar ta cinye, musamman irin ta kasuwa da aka shafa wa jan ƙarfe a baya kawai, cikinta baƙin ƙarfe. Na taɓa jan wata a wani gida a tsibiri, ta biyo hannuna kamar rake da ya ruɓe. Maigidan yana zaune yana ganin yana da atin.

Baba, na karɓi maganar tangaran. Amma ban janye tawa ba, Hajiya ta sa a ƙirga musu lodi kafin a sayo wata. In gishiri bai kashe ta ba, firiza da walda za su kashe ta.

Baban Halifa:
Wannan gaskiya ne, a haɗa duka biyun. Kuma tunda ka kawo maganar jan ƙarfe, ga wata mugunyar da ke ɓoye. Wayoyin sama alminiyam ne, bakin tiransifoma kuwa jan ƙarfe ne ko tagulla. In ka haɗa su kai tsaye, damshin gishiri ya shiga tsakani, sun zama ɗan batir, alminiyam ɗin ya riƙa narkewa yana zama farin gari. Mahaɗar ta saki, ta ɗau zafi, ta ƙone. Akwai kan waya na musamman mai rabi alminiyam rabi jan ƙarfe, ana shafa masa man da ke hana iska shiga. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma sau nawa ake sa shi?

Ɗan Zangon Takoradi:
Salamu alaikum jama'a, ina gaishe ku daga Gana. Abin da kuke faɗa duk muna ganinsa a nan Sekondi da Takoradi. Kwanon rufi, ƙofar ƙarfe, bayan na'urar sanyaya ɗaki, duk abin da ke kallon teku shi ke fara mutuwa. Har falwayar siminti ba ta tsira ba: gishiri ya ratsa ta, rodin ciki ya yi tsatsa ya kumbura, simintin ya tsage ya zubo, ka ga rodi a fili.

Amma ku duba wani abu. Tashar wuta ta Aboadze da ke kusa da mu a bakin teku take ƙiri ƙiri, kuma daga nan layin kilobolt 330 ya tashi ya bi gaɓa zuwa wajen Tema. Tsarin haɗakar wutar Afirka ta Yamma, wanda ofishinsa ke Kwatano, shi ne a ɗinke gaɓar nan gaba ɗaya, daga Gana a bi ta Togo da Benin har Legas. Ɓangaren da ya haɗa Ikeja West da Sakete a Benin yana aiki tun 2007. To in manyan layuka suna rayuwa a iskar teku, me zai hana ƙaramar tiransifomar unguwa? Bambancin kawai su ana duba su, ta unguwa kuwa sai ta mutu ake tunawa da ita.

Ummu Hanan:
Sannunku da ƙoƙari iyayena. Ni ɗaliba ce, ina karatun injiniyan lantarki, bari in ɗan tsara wa Anti Maman Sadik matakan don ta san inda tasu take. Wuta na fitowa daga tasha irin Egbin da ke bakin tafkin Legas wajen Ikorodu, mai injina shida, kowanne megawat 220. Ana tura ta a kilobolt 330 zuwa manyan tashoshin TCN, kamfanin dakon wuta na ƙasa, irin na Ajah da Akangba da Ikeja West, a sauke ta zuwa 132, sannan 33. Daga nan kamfanin rarrabawa ya karɓa, ya sauke zuwa 11 a ƙananan tashoshinsa, sai ta iso tiransifomar layinku ta koma bolt 415, wanda ake raba wa gidaje. Kowane mataki a nan gishiri na iya kama shi, sai dai na ƙarshen shi ne maraya.

Ni a ganina maganin dindindin a bakin teku shi ne a daina barin kaya a fili. Akwai tashoshin da ake rufe komai cikin bututun ƙarfe cike da iskar SF6 mai hana wuta tsallakewa, a sa su cikin gini. Gishiri ba ya ganinsu, kuma ba sa cin fili, abin da ke da tsada a Legas. Layukan unguwa kuma a binne su a ƙasa.

Baban Halifa:
Madalla da 'yata injiniya, tsarin da kika kawo daidai ne. Amma a kan binnewa da rufewa zan ɗan ja da ke. Na farko kuɗi, mutanen da ke karo karo don tiransifoma ɗaya ba su ne za a ce wa su binne kebur ba. Na biyu iskar da kika ambata, in ta tsere, kilo ɗaya nata yana dumama duniya kamar kilo 23,500 na hayaƙin kabon, shi ya sa Turai ke neman hanyar rabuwa da ita. Na uku, kuma shi ne babba: teku hannu biyu gare ta. Ɗaya gishirin da ke cikin iska, ɗaya ruwan da ke tasowa. Wanda ya gudu daga na farko ya shige ƙarƙashin ƙasa, ya kai kansa ga na biyu.

Akwai tsaka tsaki. Yanzu ana yin insileta na robar silikon maimakon tangaran. Ruwa ba ya shimfiɗuwa a kansa, sai dai ya tsaya ɗigo ɗigo kamar a kan ganyen gwaza, don haka hanyar wutar ba ta haɗewa. Tsohon tangaran ma ana iya fesa masa rufin silikon ɗin. A Afirka ta Kudu kamfanin Eskom har wurin gwaji ya kafa a Koeberg kusa da Cape Town, dab da teku, inda ake jera insileta iri iri a bar su cikin iskar gishiri a ga wanda zai jure.

Alhaji Na Bronx:
Baba ya taɓo inda nake jira. Ina tuƙin tasi a New York lokacin guguwar Sandy, daren 29 ga Oktoba 2012. Teku ta turo ruwa ya haura kusan ƙafa 14 a ƙarshen tsibirin Manhattan. Akwai babbar tashar rarraba wuta ta kamfanin Con Edison a bakin kogin East River, wajen titi na 13 da na 14. Ruwan gishiri ya haura katangarta ya shiga, aka ga wani haske ya turnuƙe sama kamar rana ta fito da dare. Daga nan kudancin Manhattan ya mutu, wajen kwana huɗu babu wuta. Na shiga yankin da mota washegari, dogayen benaye baƙi ƙirin, babu fitilar kan hanya, tsofaffi a hawa na ashirin babu lifta babu ruwan famfo, matasa suna hawa da jarkoki suna kai musu. Wayoyinsu fa a binne suke, Malama Ummu Hanan. Bayan nan kamfanin ya kashe kimanin dala biliyan 1 yana ɗaga kaya sama, yana gina katangu da ƙofofin tare ruwa, yana sa na'urorin da ko sun nutse za su yi aiki.

Ummu Hanan:
Na gode Alhaji, na karu. Malaminmu ma ya ba mu misalin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan, 11 ga Maris 2011. Girgizar ƙasar ta katse wutar waje, janaretocin gaggawa suka tashi, sai igiyar tsunami ta zo ta cika ɗakunan ƙasa inda janaretocin da allunan rarraba wuta suke. Da aka rasa wutar sanyaya injina ne bala'in ya auku. Na yarda, tsayin wurin da aka ajiye kaya yana gaba da komai. Amma Baba, ban sauka daga kan cewa manyan tashoshin tsakiyar birni gara a rufe su cikin gini ba, sai dai a ɗaga benen.

Baban Halifa:
A kan manyan tashoshi ban ƙi ba. Ki riƙe wannan, za ki yi amfani da shi wata rana.

Maman Sadik:
Maganar ruwan nan ta tayar mini da hankali, don ban ma faɗa muku ba. Tamu a ƙasa take, kan wani ɗan dakali da bai kai gwiwata ba. A watan Yuni in aka kwana ana ruwa, kwatar layin takan cika ta dawo, ruwa ya kewaye dakalin, akwatin fiyus ɗin ma rabinsa a ruwa. Yara suna bi ta wurin zuwa makarantar allo. Bara akuyar maƙwabciyata a nan ta faɗi.

Ɗan Agege Mai Wayarin:
Innalillahi. Hajiya wannan ya wuce maganar firiza, maganar rai ce. Akuyar nan gargaɗi ce, wuta na zuba cikin ruwan. Tun yau a hana yara bin wurin ko da babu wuta, don ba ku san lokacin da za a dawo da layi ba. Kuma kada wani ya ce zai hau ya wanke tangaran da kansa don ya ji an ce gishiri ne. Wankin ma'aikata ne ke yi, bayan an kashe layin an ɗaure shi da ƙasa, da ruwan da babu gishiri a cikinsa, ba ruwan rijiyar unguwarku ba.

Baban Halifa:
Ya faɗi gaskiya. Ga abin da zan ce ki kai wa taron unguwa, 'yata. Kafin kowa ya ciro sisi, ku rubuta wa kamfanin da ke ba ku wuta takarda, ku ajiye kwafi mai hatimi. Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ƙasa ta sha nanata cewa sayen tiransifoma da falwaya da gyaransu nauyin kamfani ne, ba na mai biyan kuɗin wuta ba. In kuma jama'a sun ga ba za su iya jira ba sun zaɓi su saya, to a yi yarjejeniya a rubuce kan yadda za a mayar musu. In an yi biris da ku akwai inda ake kai ƙara, kuma tun bayan dokar lantarki ta 2023 Legas ta kafa hukumarta ta kula da harkar.

Sannan ko wa zai saya, ku tsaya a kan a rubuta cewa ta bakin teku ce. A ga allon da ke jikinta, shekarar ƙira da girmanta, a ga takardar gwajin mai. Dakali a ɗaga shi ya wuce inda ruwa ya taɓa kaiwa, alamar tana nan a jikin katangunku, ku auna daga nan ku ƙara. In girmanta ya ba da dama a ɗora ta kan turaku biyu. Akwatin fiyus shi ma ya hau sama, a kewaye wurin da shinge. Hukumar NEMSA mai tabbatar da ingancin kayan lantarki ce ke da alhakin duba irin wannan aiki kafin a kunna, ku nemi ganin shaidarsu.

Akwai kuma wani ɗan abu da ke da kanki za ki iya lura da shi daga bayan shinge. A gefen tankin mai na sama akwai wata 'yar kwalba cike da ƙwayoyi kamar tsakiya, ta nan tiransifoma ke numfashi. Aikinsu tsotse damshi. Irin shuɗayen in sun ƙoshi sukan koma ruwan hoda. A Katsina sai su daɗe ba su juya ba, a wurinku kuwa 'yan watanni ne. Da kin ga sun juya, a kira ma'aikata su canza.

Maman Sadik:
Baba, kwalbar nan na san ta. Tamu a fashe take tun bara, wani ya toshe bakin da leda.

Baban Halifa:
To kin ga ta inda damshi ya shiga. Ki ɗauki hotonta da na tsatsar da na layin ruwan da ke jikin katanga, ki haɗa da takardar.

Ɗan Zangon Takoradi:
Hajiya ki ƙara da wannan: in akwai fili, a matsar da ita bayan wani gini, ta yadda bango zai tsaya tsakaninta da iskar da ke busowa daga teku. A unguwarmu akwai biyu da aka sa lokaci ɗaya, wadda ke fuskantar ruwa ta yi jawur, wadda masallaci ya kare har yanzu fentinta na nan.

Maman Sadik:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya ƙara wa Baba lafiya. Taron gobe ne bayan isha'i a gidan shugaban unguwa. Na kwafe duk bayanan nan na tura wa maigidana, shi zai karanta a wurin maza, ni kuma zan tara matan layi da safe kan maganar yara da hanyar makaranta. Ɗan Agege, in an amince a ƙirga lodin, za ka iya zuwa ranar Asabar, ko ka haɗa mu da wani na kusa da mu?

Ɗan Agege Mai Wayarin:
Zan zo da kaina in sha Allah, da na'urar awo. Ki sa kowane gida ya rubuta abin da yake kunnawa, har famfo da dutsen guga, kada a ɓoye komai. Mai waldan ma a gaya masa ya zauna.